Digirin fiziks: Abin da cikin birnin Kano zai iya koya wa jami'o'i

A watan Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. Hukumar ce ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussan kowane digiri, ta bar wa jami'o'i kashi 30.

Ƙungiyar ASUU ta soki tsarin, tana cewa aikin majalisar malaman kowace jami'a ne aka ƙwace.

A digirin fiziks na shekara huɗu, ginshiƙan ba sa canzawa: lissafi, motsi, zafi, haske, lantarki da maganaɗisu. Tambayar ita ce, da me za a cike ragowar kashi 30?

Tsohon matsugunin Jami'ar Bayero yana daf da ganuwa, kuma tambayoyin fiziks na nan jibge a cikin birni.

Ɗakin ƙasa ya fi na bulo da kwano sanyi da rana, saboda kaurin bangonsa yana jinkirta shigar zafi. Wannan darasi ne da ɗalibi zai auna da kansa a Gidan Makama.

Ƙurar hunturu tana rage wutar da faifan sola ke samarwa. Masu haƙa rijiyar burtsatse kuwa, kan tura lantarki cikin ƙasa don gano inda ruwa yake kafin a kashe kuɗi.

Idan aka cike gurbin da irin waɗannan darussa, ɗalibi zai kammala da ilimin da zai ci abinci da shi, ba takardar shaida kawai ba.