Salula da igiyar awo: abin da waya ke iya yi wa yaran Arewa a yaƙi da tamowa

Daga watan Yuni zuwa Satumba ne gidajen likita na gundumomin Dogondutsi da Tibiri, a jihar Doso, suka fi ganin yara masu tamowa. Hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun shigo da damina. Uwa tana gona tun safe, yaron da aka yaye yana gida da fura ko kunu tsura. Binciken ƙasa na 2022 ya nuna kashi 12.2 cikin 100 na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara 5 na fama da rama mai nasaba da tamowa, kashi 47 kuma sun tsumbure.

A irin wannan hali ne ake yawan kawo maganar salula a matsayin mafita. A Amurka, a 2010 shirin Text4baby ya fara aika wa masu ciki da masu goyo saƙonni da Ingilishi da Sifaniyanci, har da iyalan da suka fito daga Latin Amurka. Sai dai can babbar damuwa ita ce ƙiba da lemon kwalba, kuma kusan kowace uwa na da wayarta, tana karanta abin da aka rubuto mata. A ƙauyukan Matankari, Dankasari, Geceme ko Kore Mairuwa, sau da yawa wayar tana aljihun maigida, maigidan kuma yana iya kasancewa ci-rani a Kamba, Birnin Kebbi ko Kwatano. Saƙon da aka rubuta da Faransanci kan amfanin ƙwai bai isa kunnen mai dafa abincin ba.

Abin da ya fi kawo sauyi a Nijar ma ba ya cin caji. Wata 'yar igiyar leda ce mai launi uku da ake ɗaurawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. In awo ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani. Ruwan ɗorawa, daga 115 zuwa 125, gargaɗi ne. Kore kuma lafiya. A Mirya, jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada danƙa igiyar a hannun iyaye mata, aka ga suna gano ciwon da wuri, yaran da suka kawo kuma ba su cika buƙatar kwanciya asibiti ba. Ana haɗa awon da danna ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa uku. In gurbin yatsa ya zauna, kumburi ne, sai likita ba jira.

Matsalar tana farawa bayan awon. Uwa ta ga ja, to yanzu fa? Daga wani ƙauyen zuwa gidan likita tafiyar awoyi ce a ƙafa ko a amalanke, in an yi ruwa kuma ƙoramu sun cika, hanyoyin kwarin Dallol Mawuri kan yanke. Tana iya isa a ce mata abincin tamowa ya ƙare, wato 'yar ledar nan ta tunkuzar gyaɗa da madara mai giram 92, wadda kamfanin STA ke yin irinta a Yamai. Wadda ta yi wannan tafiya sau biyu a banza da wuya ta yi ta uku. Nan ne kira ɗaya ke da daraja: mai sa kai na unguwa ya bugo wa malamin asibiti ya tabbatar akwai kaya, malamin ya bugo ya tambayi yaron da bai dawo awon mako ba, shi ma ya sanar da gunduma kafin kwalin ƙarshe ya ƙare. Ba sai babbar waya ba, ƙarama mai maɓalli ta wadatar, muddin akwai rezo da kati.

An gwada mataki na gaba. Tsakanin 2013 da 2016, World Vision da Save the Children da wasu abokan aiki sun jarraba wata manhaja da aka gina kan CommCare a ƙasashe biyar, ciki har da Nijar, Mali da Cadi. Manhajar kan bi da ma'aikacin lafiya mataki-mataki, ta lissafa masa ledoji nawa yaro zai sha bisa nauyinsa. Kuskuren lissafi ya ragu. Amma an ci karo da mutuwar batir, rashin rezo da lalacewar wayoyi, ga kuma ma'aikacin da ke cike rajistar takarda sannan ya sake shigar da komai a waya, layin mata na jiransa a rana.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga maƙwabciyar jiha. A 2010, bayan fari, ƙungiyar Concern ta raba tallafin wajen jika 22 a wata, har wata biyar, a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. Wasu matan an ba su kuɗi hannu da hannu, wasu ta hanyar Zap, tsarin aika kuɗi na kamfanin Zain. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker da abokan bincikenta sun gano cewa gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri da kashi 9 zuwa 16 cikin 100, yaransu kuma sun ƙara sulusin kwano a rana. Babu wanda ya yi musu wa'azin abinci. Matan sun huta da doguwar tafiya da layi, kuma da yake kuɗin na shigowa ba tare da duk gari ya sani ba, sun fi samun ta cewa kan yadda za a kashe su. Wake da mai suka shiga tukunya.

Batun karatu ma ba dutse ba ne da ba ya motsi. Shirin yaƙi da jahilci na ABC, wanda ƙungiyar CRS ta gudanar daga 2009 a jihohin Doso da Damagaram, ya nuna manyan da aka koya wa rubutu tare da amfani da salula sun fi sauran riƙe abin da suka koya. Yau kuma saƙon murya na WhatsApp ya zo da sauƙi: ungozoma na iya bayani da Hausar Arewa yadda ake zuba garin wake, ƙuli-ƙuli ko garin zogale a kunun yaro daga wata shida, abubuwan da ke cikin gida ko a kasuwar Dutsi. Hanyar nan ce kuma masu tallar maganin ƙiba na jabu ke bi, shi ya sa murya sananniya daga gidan likitan gari ta fi ta baƙo.

Tun 2006 dokar Nijar ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, amma kuɗin kati da na caji daga aljihun mai sa kai suke fita a wurare da dama. A watan Yuli, in aka fara bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin damina, ana auna damtsen yara a lokaci guda. Sunayen waɗanda suka faɗa ja kan taru a takarda, kuma wani ne zai biya kuɗin kiran da za a bi sawunsu.