Shatar jirgin ruwa: Daga katamaran na masu hali zuwa kwale-kwalen Gulbin Zamfara

A duk shekara dubban masu yawon buɗe ido kan ɗauki shatar wani nau'in jirgin ruwa da ake kira katamaran, domin su wuni a wani tsibiri da iyalansu, su dawo kafin faɗuwar rana.

Harkar ta yi ƙarfi a tsibiran Girka da yankin Karebiya da Maldibs da Zanzibar. A Legas ma masu hali kan yi shatar jiragen shaƙatawa zuwa gaɓar Tarkwa Bay da Ilashe a ƙarshen mako.

Ga mutumin Sanyinna a ƙaramar hukumar Tambuwal, ko na Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, wannan tamkar labarin wata duniya ne, domin babu teku a kusa da shi, balle jirgin alfarma.

Sai dai shatar jirgi ba baƙuwar aba ba ce a ƙauyukan bakin gulbi. Idan damina ta yi nisa, Gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega ya cika, fadamu suka sha ruwa, 'yan biki da 'yan kasuwa da masu zuwa taron addini kan yi jinga da ɗan fito ya haye da su gaba ɗaya.

Shata ce a can, shata ce a nan. Amma idan aka dubi abin da mai shatar katamaran ke biya, za a ga cewa mafi tsada a ciki ba abinci ba ne, ba kuma kujeru masu taushi ba. Wuraren zaman da aka bari babu kowa a kansu ne.

Jirgi mai gangar jiki biyu

Katamaran jirgi ne mai gangar jiki biyu, dogaye sirara, da aka jera gefe da gefe aka haɗa su da dandamali a sama. A kan dandamalin ne ake gina falo da wurin tuƙi, ɗakunan kwana kuma suna cikin gangar jikin.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar kattumaram ta harshen Tamil na kudancin Indiya, wadda ke nufin itatuwan da aka ɗaure wuri guda. Matafiyin nan na Ingila William Dampier ya ambaci irin waɗannan jirage a labarin tafiye-tafiyensa da aka buga a 1697.

Tun ƙarnoni kafin wannan lokaci, mutanen tsibiran tekun Fasifik ke haɗa kwale-kwale biyu su keta dubban kilomitoci da su. A 1976 an gwada hakan da wani jirgi mai suna Hokule'a da aka ƙera bisa tsohon salo, wanda ya tashi daga Hawaii ya isa Tahiti ba tare da na'urorin nuna hanya na zamani ba.

Turawa kuwa sun daɗe suna yi wa jirgin kallon hadarin kaji. Sir William Petty ya gina guda a Dublin a 1662, Ba'amurke Nathanael Herreshoff kuma ya ƙera nasa mai suna Amaryllis a 1876, amma sai a rabin ƙarshe na ƙarni na ashirin ne ya samu karɓuwa. Yanzu kamfanonin Lagoon da Fountaine Pajot na Faransa, da Robertson and Caine na birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, na cikin manyan masu ƙera shi.

Sirrinsa na cikin faɗinsa. Katamaran mai tsawon mita 12 kan kai kusan mita 7 a faɗi. Idan mutane suka taru a gefe guda, gangar jikin da ke wannan gefen ta ɗan nutsa, sai ruwa ya ƙara tura ta sama, nauyin ɗayar kuma ya riƙe jirgin. Kamar mutum ne da ya buɗe ƙafafunsa ya tsaya, ture shi sai an yi da gaske.

Kwale-kwalen gulbi akasin haka yake. Siriri ne, kuma idan an cika shi, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa kan ragu zuwa 'yan yatsu. A irin wannan hali, igiyar ruwa guda, ko mutum biyu su miƙe tsaye a firgice, ta isa ta jawo masifa.

Yadda ake ƙulla shatar

Shatar katamaran iri biyu ce. Akwai wadda ake ba mutum jirgi shi kaɗai ya tuƙa da kansa, bayan ya nuna shaidar ƙwarewa. Kamfanin The Moorings da aka kafa a 1969 a tsibirin Tortola na Karebiya na cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari. Akwai kuma wadda ake haɗa mutum da kyaftin da ma'aikata, kuma ita ce aka fi yi a tafiyar wuni guda.

Ana yin ciniki a kan rabin wuni ko wuni cikakke, a biya kafin alƙalami, a sa hannu a takarda. Takardar kan fayyace lokacin tashi da na dawowa, da wanda zai biya kuɗin mai da na shiga tsibiri, da abin da zai faru idan yanayi ya ɓaci.

Iyalan Musulmi da dama kan zaɓi shata maimakon jirgin haya na kowa da kowa saboda dalilai na sutura da addini: za su iya cewa kada a sako giya, su zaɓi abincin halal, mata kuma su sake ba tare da idon baƙi ba.

Amma akwai sharuɗɗan da kuɗi ba ya sauyawa. Kyaftin ne ke da maganar ƙarshe a kan ko za a tashi, kuma yana da ikon juyowa da jirgi ko mai shata bai so ba. Ana tanadar rigar kariya daga nutsewa ga kowane mutum, har da ta yara, ana kuma rubuta sunayen waɗanda suka shiga.

Sai kuma batun adadi. A ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, wato SOLAS, wadda aka fara ƙulla a 1914 bayan nutsewar Titanic, duk jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da 12 ana lissafa shi a matsayin jirgin fasinja, mai ƙa'idoji masu tsauri. Ƙasashe da dama sun ɗauki wannan ma'auni a dokokinsu na cikin gida, shi ya sa za a ga jirgin da falonsa zai ci mutum 30 amma ba ya ɗaukar baƙi fiye da 12, sai in yana da lasisi na musamman.

Ba tausayi ne kawai ke sa masu jiragen bin wannan ba. Wanda ya wuce adadin da aka rubuta masa na iya rasa lasisinsa, kamfanin inshora kuma ya ƙi biyan diyya idan haɗari ya auku.

Lissafin ɗan fito

A bakin gulbi lissafin a juye yake. Ɗan fito na karɓar kuɗi ne a kan kowane kai da kowane buhu, don haka duk wanda ya ƙaru riba ce, duk sawun da ya rage kuma ragin mai ne. Tashin farashin fetur bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ya ƙara matsa wa masu jiragen inji.

Idan kuma shata aka yi, kuɗin ya zama dunƙule, sai kwaɗayin cikawa ya koma kan wanda ya yi shatar. Uban biki ko jagoran tafiya na son sawu ɗaya ya wadatar maimakon biyu. Ga kuma kunya: ba abu ne mai sauƙi ba a ce wa gwaggo ko suruki ya sauko ya jira, alhali jirgi na bakin gaɓa rana kuma na faɗuwa.

Wasu daga cikin munanan haɗurran da aka gani a shekarun baya-bayan nan sun rutsa ne da irin waɗannan tafiye-tafiye na jama'a guda. A ƙarshen watan Nuwamban 2021, aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, suka rasu a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano.

A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. A farkon Oktoban 2024 kuma wani jirgi ɗauke da kusan mutum 300, yawancinsu mata da yara 'yan Mauludi, ya kife da daddare a kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja.

Mutanen Tambuwal ba sa bukatar a kai su nesa kafin su gane. A ƙaramar hukumar Shagari da ke maƙwabtaka da su, mutum 29 ne suka rasu a Gidan Magana a watan Afrilun 2022, sannan a watan Mayun 2023 yara 15 suka nutse a Dandeji a kan hanyarsu ta zuwa neman itacen girki. A watan Agustan 2025, wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 50 da ya nufi kasuwar Goronyo ya kife.

Bayanan hukumomi bayan irin waɗannan haɗurra kusan iri ɗaya ne a kullum: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsufan jirgi, da rashin rigar kariya. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da takardar shatar katamaran ta toshe tun kafin a kunna inji.

Dokar na nan

Ba wai babu doka ba ce a Najeriya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta haramta tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. Ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023 ta raba dubban rigunan ga wasu jihohi a 2025, ministanta Adegboyega Oyetola kuma ya yi kira ga jihohi da su maye gurbin jiragen katako da na zamani.

Matsalar ita ce mashigai sun yi yawa, jami'ai kuma kaɗan ne. Akasarin wuraren da ake fito a damina ba tashoshi ba ne, gaɓa ce kawai da ake amfani da ita na 'yan watanni. A can wanda ake jin maganarsa shi ne sarkin ruwa, ko mai gari, ko dattijon masunta.

Tarihin Ingila na nuna cewa matsalar ba ta talauci kaɗai ba ce. A ƙarni na 19 masu jiragen can ma na cika su fiye da ƙima, ma'aikata na mutuwa, har sai da ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya dage aka yi dokar 1876 da ta tilasta zana alama a jikin jirgi. Idan ruwa ya rufe alamar, lodi ya yi yawa, kuma kowa na iya gani da idonsa. Fenti kawai ake bukata, da wanda ya san inda za a ja layin.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sakkwato ma bai bar batun ba. A babin ciniki da ijara na littafin Risala na Ibn Abi Zaid, an nuna cewa mai jirgin ruwa ba ya cancantar kuɗin haya sai ya isar da abin da ya ɗauko. Wato tun can an ɗaura ladan mai jirgi da isa lafiya, ba da yawan abin da ya loda ba.

Ko katamaran zai yi aiki a gulbi?

A teku dai ya nuna amfaninsa ga talaka ma. Jiragen Kilimanjaro na kamfanin Azam Marine da ke jigilar ɗaruruwan fasinjoji tsakanin Darussalam da Zanzibar cikin kimanin sa'o'i biyu katamaran ne. A wasu mashigai na Afirka kuma akan ɗaure kwale-kwale biyu a shimfiɗa katako a kai domin haye da kaya masu nauyi, wanda shi ne ainihin dabarar a sauƙaƙe.

Sai dai yana da nasa aibin. Ya fi tsadar ƙerawa, yana bukatar fili mai faɗi, ba ya son nauyi fiye da ƙima, kuma idan ya kife ba ya miƙewa da kansa. A gulbin da ke cika a watan Agusta ya koma yashi da ƙananan rafuka a bazara, jirgi mai faɗin mita 7 zai yi rabin shekara a ajiye.

Inda ya fi dacewa a wannan shiyya shi ne ƙasar Yawuri. Wanda ya bi titin da ya taso daga Sakkwato ta Tambuwal da Jega da Koko zai isa Yelwa a bakin kogin Kwara, inda ruwa ke da faɗi duk shekara tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968. Nan ne ƙasar Gungawa, waɗanda sunansu ya fito daga gungu, wato tsibiri, kuma nan ake bikin Rigata na tseren jirage da ke jawo baƙi.

Idan har za a samu harkar yawon tsibiri ta wuni guda a arewa maso yamma, Yawuri ce ta fi kusa da ita. Amma a wannan ruwan ne, kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, wani jirgin katako ɗauke da fiye da mutum 150 ya tsage ya nutse a watan Mayun 2021, aka ceto kimanin 20 kacal. Ƙarƙashin tafkin kuma har yanzu akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogin, waɗanda matuƙa ke kauce musu da rana, da dare kuma ba sa ganinsu.