Iskar Ban Ɗaki da Hukuncinta: Shirin Musamman



Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami ya buɗe Ahalari ko Risala ya san fukaha'unmu na Malikiyya, in za su yanke hukunci a kan ruwan tsarki, siffofi uku suke dubawa, watau launi da ɗanɗano da wari. To, yau ga injiniyoyi da wata mas'ala mai kama da wannan, sai dai tasu ta iska ce.

Asalin maganar shi ne, a ginin da aka sa na'urar sanyaya ɗaki, kamar asibiti ko babban zauren taro, iskar da fanka ke zuƙowa daga ban ɗaki tana zubarwa waje, iska ce da aka riga aka kashe kuɗin lantarki ko na man janareta wajen sanyaya ta, alhali kuwa wadda za ta maye gurbinta, musamman a watan Afrilu sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kamar daga bakin maƙera take fitowa. Saboda gudun wannan almubazzaranci aka ƙago na'urar musaya, wadda iska mai fita da mai shiga ke gilmawa ta cikinta, mai fita ta bar wa mai shiga sanyinta.

A nan ne gizo ke saƙar. Wata irinta dabaran ne mai juyawa, ya ratsa gurɓatacciyar iska sa'an nan ya faɗa cikin mai tsabta, kuma ko an yi masa sashen kakkaɓewa ba ya rasa ɗan abin da ya kwaso. Wata kuwa faranti ne a jere, kowace iska da tafarkinta, da shamaki a tsakani. Ta uku bututun ruwa ne mai kewayawa tsakanin hanyoyin biyu, ruwan ne ɗan aiken da ke kai sanyi, iskokin ba su taɓa gamuwa. Ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta Amurka mai lamba 62.1 ta ajiye iskar ban ɗakin jama'a a daraja ta biyu wajen gurɓata, ta yi rangwamen abin da ya tsallaka kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na sabuwar iskar da ke shiga. Ni dai a ra'ayina, inda majinyaci ke kwance ko inda ake tsai da sahu, bai kamata a jingina ga wannan rangwame ba. A zaɓi faranti ko bututun ruwa, a jera fankokin ta yadda in na'urar ta yi yoyo, mai tsabta ce za ta kwarara cikin gurɓatacciya, a nisanta bakin shaƙa daga bakin fitarwa da aƙalla mita 3, a kuma naɗa wanda zai riƙa wanke matata, domin ƙurar hunturu ba ta jinkiri wajen toshe ta.

Amma fa, jama'a, ban ɗakunan da talaka ke shiga, na kasuwar Jega, da na 'yan albasar Aliero, da na tasha da masallatan Juma'a, galibinsu ba sanyin da za a ceto, saboda haka sayen wannan na'ura dominsu ɓarnar dukiya ce. Abin da ya dace da su shi ne dabarar da Peter Morgan ya fitar a cibiyar bincike ta Blair a ƙasar Zimbabuwe cikin shekarun 1970: bututu mai faɗin milimita 110 ko fiye, daga cikin ramin salga ya miƙe ya zarce rufi da rabin mita, da raga a bakinsa, ƙofa na fuskantar inda iska ta fi kaɗawa, cikin ɗakin kuma da ɗan duhu. Iskar da ke shafar bakin bututun ita ke jawo wari sama, ƙuda kuwa ya bi haske ya hau, raga ta tare shi ya mutu a can, ba tare da an nemi wutar lantarki ko ta minti ɗaya ba.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa, shi ne a kife murfi a bakin ramin, alhali ta nan ne iska ke sauka kafin ta hau bututu. Murfin na tsohuwar salga ce marar bututu. Mai bututu a bar bakinta buɗe, a leƙa ragar lokaci lokaci, a zuba ruwa ta sama domin wanke yanar gizo.