KIFIN DA YA KASA DAIDAITA A RUWA: CIWON JAKAR ISKA DA YADDA AKE JIYYARSA

Tun zamanin da, mutanen Borno sun san kifi a matsayin abin kamowa daga Tafkin Chadi. A banda shi a Baga, a kawo shi kasuwar Tashan Baga da ke Maiduguri, daga nan manyan motoci su kai shi har Anacha da Legas. Amma tafkin nan, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarar 1963, ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984. Sa'an nan rashin zaman lafiya da ya soma a 2009 ya hana masunta sukuni shekara da shekaru. Saboda haka jama'a da dama suka koma kiwon kifi a gida, cikin tankunan siminti da na tamfol. Waɗansu kuma suna ajiye ƙananan kifaye masu launi cikin akwatin gilashi domin ado, kamar kifin zinariya da kifin beta.

Abin da ke yawan tayar wa waɗannan masu kiwo hankali shi ne a wayi gari a ga kifi yana da rai amma ya karkace gefe guda, ko ya juya ciki sama, ko ya kwanta a ƙasa ya kasa tasowa. Wani sai ya fid da rai ya jefar da shi, wani kuwa ya ruga kanti ya sayo magani ya zuba a ruwa. Duka biyu gaggawa ce. Sau da yawa laifin na abinci ne, ko na sanyi, ko na ƙazantar ruwa, kuma kifin yakan warke idan an gyara waɗannan abubuwa uku.

MECE CE JAKAR ISKA?

Naman kifi da ƙashinsa sun fi ruwa nauyi. Abin da ke hana shi nutsewa idan ya daina motsi shi ne wata siririyar jaka fara, cike da iska, wadda ke kwance ƙarƙashin ƙashin bayansa, bisa hanji. Duk wanda ya taɓa gyara karfasa ko giwan ruwa ya gan ta. A kifin ruwan daɗi takan ɗauki kimanin kashi 7 cikin 100 na girman jikinsa. Aikinta kamar na gorar da masuntan Argungu ke hawa ne, sai dai kifi yana iya ƙara iskar cikinta ko ya rage, don ya tsaya daidai zurfin da yake so ba tare da wahala ba.

Kifaye sun bambanta a nan. Kifin zinariya yana da ɗan bututu tsakanin jakar da maƙogwaro, yana iya haɗiyar iska ko ya fitar da ita. Karfasa da giwan ruwa da beta ba su da wannan bututu, daga jininsu iskar ke shiga jakar, a hankali a hankali. Tarwada kuwa jakarta ƙarama ce ƙwarai, tana ɓoye cikin ƙashi a bayan kai, domin ita mazauniyar ƙasan ruwa ce. Don haka idan tarwada ta kumbura ko ta rataye a saman ruwa, a fara tuhumar hanjinta da ruwan da take ciki. Ya kamata kuma a sani akwai irin ƙurungun da ke iyo ciki sama tun halittarsa, a Tafkin Chadi da Kogin Kwara. Wannan lafiyarsa lau.

KIFIN BETA

Asalin beta ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, inda yake zaune a gonakin shinkafa da ƙananan kududdufai masu ɗumi. A shekarar 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ba, kuma yakan yi shekara biyu zuwa huɗu. Ba a haɗa maza biyu wuri guda, domin faɗa suke yi har wani ya halaka.

Abubuwa uku ya wajaba mai kiwonsa ya riƙe. Na farko, ƙwari da tsutsotsi ne abincinsa na asali. Na biyu, yana bukatar ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Na uku, yana da wata gaɓa a cikin kansa wadda yake shaƙar iska da ita kai tsaye, kamar yadda tarwada ke yi, kuma yakan leƙo saman ruwa a kai a kai. Beta da ya nutse ya kasa tasowa yana iya mutuwa don rashin numfashi idan iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ruwan.

ALAMOMIN CIWON

1. Kifi yana yawo a saman ruwa, in ya yunƙura ya yi ƙasa sai ya sake tasowa.
2. Yana kwance a ƙasa, ba ya tashi sai da ƙyar.
3. Yana iyo a karkace, ko kai ƙasa wutsiya sama.
4. Cikinsa ya kumbura, kuma ba a ga kashinsa ba kwana biyu ko uku.

Waɗannan duka alamu ne. Suna nuna cewa wani abu ya danne jakar, ko ya kumbura ta, ko ya hana ta aiki. Gano wannan abu shi ne rabin magani.

ABUBUWAN DA KE KAWO SHI

Yawan abinci. Wannan shi ne kan gaba. Akan kwatanta tumbin beta da girman ƙwayar idonsa, amma ba ya ƙin abinci in an ba shi. Busassun ƙwayoyin abinci suna kumbura bayan an haɗiye su, hanji ya cika ya danne jakar iska. A gidan da yara uku ko huɗu ke son kifin, kowa ya wuce ya zuba masa, cikin mako guda sai a ga ya karkace. Ƙananan tarwada ma, idan aka cika musu abinci don a ga sun yi saurin girma, cikinsu kan kumbura har hanji ya fashe.

Sanyi. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya yi sanyi, narkewar abinci takan ragu. A Maiduguri zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, amma a daren hunturu, cikin Disamba da Janairu, yakan sauko ƙasa da digiri 15. Ƙaramin kwano ko kwalba yana hucewa cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya ci gaba da ba kifinsa abincin bazara a cikin hunturu, ya jawo masa taurin ciki da hannunsa.

Ƙazantar ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su haifar da gubar amoniya, wadda ke raunana kifi har ƙwayoyin cuta su sami hanyar shiga jikinsa, wani lokaci har cikin jakar.

Sabon ruwa. Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin. Ruwan rijiyar burtsatse, wanda gidaje da yawa a Maiduguri suka dogara da shi, yakan fito da ƙarancin iskar shaƙa, wani lokaci kuma da waɗansu iskoki fiye da kima waɗanda ke yin kumfa a jikin kifi. Zuba irin wannan ruwa kai tsaye haɗari ne.

Rauni ko halitta. Kifin da ya faɗo ƙasa, ko ya sha faɗa, ko aka matse shi da hannu, yana iya samun rauni a jakar. Waɗansu kuma haka aka ƙyanƙyashe su, musamman kifin zinariya mai gajeren jiki da tulun ciki.

YADDA AKE JIYYA

Mataki na ɗaya: A ware shi. A sa shi cikin mazubi mai tsabta wanda sabulu bai taɓa ba, da ruwan da ya saba da shi.

Mataki na biyu: A rage zurfin ruwa zuwa kimanin santimita 10, yadda zai kai sama ba wahala. A sa masa faffaɗan ganyen ruwa ko wani abu mai santsi kusa da sama don ya huta a kai. In akwai na'urar tace ruwa mai ƙarfin turi, a rage ƙarfinta. In bayansa yana fitowa waje saboda yawo a sama, a rufe mazubin da murfi mai huji don kada fatarsa ta bushe.

Mataki na uku: A dakatar da abinci kwana biyu zuwa uku. Wannan shi ne matakin da ya fi yi wa masu kiwo wuya, don suna ganin rashin tausayi ne. Babban kifi ba ya mutuwa da yunwar kwana uku, amma ƙarin abinci bisa cushewar hanji yana iya kashe shi.

Mataki na huɗu: A kiyaye ɗumi tsakanin digiri 26 da 28. A sayi ma'aunin zafi. Inda babu hita ko wutar lantarki, a shigar da mazubin ɗakin ciki, a nisanta shi da taga, a lulluɓe gefensa da bargo da dare. Kada a zuba ruwan zafi kai tsaye, kada kuma a ajiye shi a rana. Canjin zafi farat ɗaya ya fi sanyin kansa illa.

Mataki na biyar: A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane kwana biyu. Sabon ruwan ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, aƙalla sa'a 24, a ɗakin da kifin yake.

Mataki na shida: A rana ta huɗu a ba shi ɗan abinci kaɗan, ƙwaya biyu da aka jiƙa tukuna, ko tsutsotsin sauro biyu ko uku daga ruwa mai tsabta. Kada a tara ruwa a gida don kiwon sauro. Dafaffen koren wake da aka ɓare yana taimakon kifin zinariya, amma bai dace da beta sosai ba, tun da shi maci ƙwari ne.

Idan yawan abinci ne ko sanyi, yawanci akan ga sauƙi cikin mako guda.

LOKACIN NEMAN LIKITA

A nemi likitan dabbobi ko malamin kiwon kifi idan mako ya wuce babu sauƙi, ko ɓawon jikin kifin ya miƙe kamar bayan abarba, ko idanunsa sun firfito, ko an ga miki da jan jini a jikinsa, ko kifaye da yawa sun kamu lokaci guda. Waɗannan suna nuna cuta mai tsanani. A Maiduguri akwai asibitin koyarwa na dabbobi da sashen nazarin kifi a Jami'ar Maiduguri, akwai kuma masana daga kwalejin tarayya ta koyar da aikin kifi ta Baga. A Jihar Neja akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Mai zuwa ya tafi da kifin da rai, da ɗan ruwan tankin a kwalba dabam, da samfurin abincin da yake ba shi.

GARGAƊI GAME DA MAGUNGUNA

Waɗansu sukan fasa kafson mutane su zuba wa kifi. Wannan ba ya warkar da taurin ciki, yana kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani waɗanda ke tsabtace ruwan tanki. A kifin ci kuwa, ragowar maganin takan zauna cikin nama ta isa cikin mutane, kuma yawan yin haka yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Kada a yi amfani da magani sai wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista, bisa umarnin likita, kuma a jira kwanakin da ya faɗa kafin a sayar da kifin. Wankan gishirin Epsom, wanda akan yi don rage kumburi, shi ma sai da awon masani, kuma gishirin miya ba ya maye gurbinsa.

HANYOYIN RIGAKAFI

Beta ɗaya ya fi samun lafiya a ruwa lita 20, watau kimanin jarka guda. A ba shi abinci kaɗan sau biyu a rana, mutum ɗaya a gida ya ɗauki wannan aiki, a kuma hutar da cikinsa rana ɗaya a mako. Mai kiwon tarwada ya zuba abin da kifayen za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, ya kwashe ragowa. In hunturu ya shigo ya rage yawan abinci, ya kuma jinkirta na safe har rana ta ɗaga. Abincin da ya yi funfuna a zubar da shi. Sabon kifi a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Wanda ya ɗauki dabba ya tsare ta, ya ɗauki alhakin cinta da shanta da lafiyarta, ko da ba ta fi ɗan yatsa ba. Dubawar minti biyar kowace safiya ta isa a gane kifin da ya soma karkacewa tun ciwon bai yi nisa ba. Wanda ya karanta wannan takarda ya daure ya sanar da maƙwabcinsa mai kiwo wanda bai sami karantawa ba, musamman kafin shigowar hunturu.