Liyari Da Sulen Azurfa: A Auna Kafin A Saya

A garuruwan ƙasar Ƙaraye da Rogo, irin su Unguwar Hajji, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, akan tarar da tsofaffin kuɗin azurfa cikin kayan gado, wasu a adudu, wasu an huda su an yi abin wuya. Idan aka zo sayarwa, sau da yawa mai saye da mai sayarwa duka a duhu suke ciniki, ga shi kuwa dole a cuci ɗaya.

Mafi shahara cikin waɗannan kuɗi shi ne liyari, watau dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita. Sa'ad da Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne shekarar 1780 da ke jikin liyari. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, amma aka ci gaba da buga kuɗin ba tare da an sake lambar ba, a Viyana, daga baya har a Roma da Landan da Bombai. Saboda haka lambar ba shaidar tsufa ba ce. Darajar mafi yawansu tana ga azurfar da ke cikinsu. Liyari na gaske nauyinsa giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ne.

Sai kuma sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwa, na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa cikin 1912. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, fiye da kashi 92 cikin ɗari. Cikin 1920, da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka rage ta zuwa rabi, kana aka koma farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa, wanda babu azurfa ko kaɗan cikinsa. A nan kam shekara ita ce alƙali.

Ya kamata mai saye ya bi matakai huɗu. Da farko ya ɗora a ma'auni. Sulen azurfa ya ɗara giram biyar da rabi kaɗan. Na biyu ya ƙyasta ya saurara, domin azurfa tana da amo mai tsawo, dalma kuwa dum take yi. Na uku ya kara maganaɗisu. In ya kama, jabu ne, amma rashin kamawa bai isa hujja ba, tun da tagulla ma ba ta kamawa. Na huɗu ya duba rubutun bakin liyari da ƙwayoyin adon kafaɗar sarauniya, ya ga ko sun suɗe.

Wanda aka huda ko aka like wa kunne, kuɗin azurfarsa kaɗai za a biya. Haka kuma gogewa da toka tana rage masa daraja wajen masu tarawa. Mai shakka ya tafi wurin maƙeran fari na Kasuwar Kurmi a gwada masa, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.