Ana Neman Shaiɗan A Cikin Kiɗa, Kunnen Yaro Na Mutuwa

Na gaji da wani saƙon murya da ke yawo a zaurukan WhatsApp na iyaye. Akan haɗa shi da guntun bidiyo: wasu Turawa sanye da baƙaƙen kaya a kan dandamali, wuta na tashi, jita na ruri. Sai mai magana ya ce wai an binne wasu kalmomi a cikin wannan kiɗa, duk yaron da ya saurara zuciyarsa za ta juye ya ɗauki makami, kuma wai haka ta faru a wata makaranta a Amurka. Wanda ya turo bai taɓa jin kiɗan ba, bai san sunan masu shi ba, amma ya rantse da Allah gaskiya ne.

Kiɗan da ake nufi shi ne wanda masu shi ke kira indastiriyal metal: jitar lantarki mai kaushi, gangar inji wadda ba ta gajiya, ƙarar ƙarafa da aka naɗa aka cusa a ciki, da murya mai tsawa. Ƙungiyoyin Throbbing Gristle a Ingila da Einstürzende Neubauten a Berlin ta Yamma, masu dukan tarkacen ƙarfe da injin huda bango, su suka share fage. A ƙarshen shekarun 1980 Ministry a Chicago, Godflesh a Birmingham da Nine Inch Nails a Cleveland suka haɗa wannan hayaniya da jita, sannan Rammstein ta fito a Berlin a 1994. Yaranmu galibi a fim irin su The Matrix da wasannin kwamfuta irin su Quake da Doom suka fara jin sa.

To, mu koma kan makarantar. Sunanta Columbine, a jihar Colorado. Ranar 20 ga Afrilu, 1999, ɗalibai biyu suka shiga da bindigogi, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya, sannan suka kashe kansu. Gaskiya ne suna sauraron Rammstein da wata ƙungiyar Jamusawa mai suna KMFDM. Nan take 'yan jarida da 'yan siyasa suka yi caa a kan mawaƙa. Wanda ya fi shan duka shi ne Marilyn Manson, har ya soke sauran wasanninsa, alhali daga baya ta bayyana yaran ba ma masoyansa ba ne. Iyakar abin da mai saƙon murya ya tsinta ke nan, ya ƙara gishiri, ya bar sauran labarin.

Ga sauran. Bayan tashin hankalin, hukumar da ke tsaron shugaban Amurka da ma'aikatar ilimin ƙasar suka zauna suka binciki hare-hare 37 da aka kai makarantu tun daga 1974, waɗanda mutum 41 suka aikata. Rahoton ya fito a 2002. Ba su sami wata siffa guda da za a ce ga kamannin mai kai hari ba, balle a ce ga kiɗan da yake ji. Abin da suka gano ya fi kiɗa ɗaci: mafi yawan yaran sun daɗe suna jin ana tsangwamarsu ko ana cin zalinsu, da yawa sun taɓa tunanin kashe kansu, suna da hanyar samun bindiga, kuma a mafi yawan lokuta akwai wanda ya san da shirin tun kafin ranar. Wato yaro ya yi magana, an ji, ba a ɗauka da muhimmanci ba. Ɗora laifi a kan faifai ya fi sauƙi, domin faifai ba ya tambayar uba ina yake lokacin da ɗansa ke kuka.

Zancen kalmomin ɓoye kuwa tsohon zance ne, har kotu ya je. A 1990, a birnin Reno na jihar Nevada, kotu ta saurari ƙarar da iyalan wasu samari biyu da suka harbi kansu suka shigar a kan ƙungiyar Judas Priest, suna cewa akwai umarni a ɓoye cikin waƙarsu. Aka kawo masana sauti, aka juya faifai gaba da baya a gaban alƙali. A ƙarshe kotu ta wanke mawaƙan. Kuma duk wanda ya taɓa juya magana ta baya ya san yadda abin yake: gurnani ne kawai, sai an gaya maka abin da za ka ji sannan kunnenka ya ƙirƙiro maka shi. Ku gwada da muryarku a waya ku gani.

Akwai ma waɗanda suka auna fushin kansa. A 2015, masu bincike biyu a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka tara masoya irin wannan kiɗa mai zafi su 39, suka tunzura su da tuna musu abubuwan ɓacin rai, sannan suka bar wasu su saurari kiɗan da suke so na minti goma. Fushinsu bai ƙaru ba, sauka ma ya yi. Mutum 39 ba duniya ba ne, na sani. Amma a haɗa da abin da ido ke gani: Rammstein na cika filayen ƙwallo da dubun dubatar mutane a Turai, a tashi kowa ya kama hanyar gidansa, gobe ya tafi aiki. Trent Reznor, mai Nine Inch Nails, sau biyu yana karɓar kyautar Oscar saboda kiɗan fim, ta biyun ma a kan Soul, fim ɗin zane na kamfanin Pixar. In da kiɗan na mayar da mutum makashi, da shi ya fara.

Kada a ce ina wanke mawaƙan nan. Cikin waƙoƙin nan akwai batsa, akwai saɓo, akwai izgili ga addini da gangan don a ja hankali a sayar da faifai. Uban da ya hana ɗansa saboda haka yana da hujja, kuma hukuncin kiɗa a shari'a malamai sun yi bayaninsa, ba fagena ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a yi wa gaskiya ado da ƙarya. Yaron yau yana da intanet a tafin hannunsa. Ranar da ya bincika ya ga labarin da ka ba shi ba haka yake ba, ka zubar da ƙimarka, gobe ko gaskiya ka faɗa sai ya yi murmushi ya wuce. 

Cutar da na tabbata wannan kiɗa na yi, a kunne take, kuma ba ruwanta da ko Rammstein ake ji ko waƙar biki ko karatu. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa na kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta shi ne ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako ga babba. In ƙarar ta kai 90, awa huɗu kacal suka rage a mako. In ta kai 100, abin da wuraren casu ke kaiwa, minti 20 ne. Indastiriyal metal kuwa an gina shi ne don a ƙure shi, masoyansa ba sa jin daɗinsa a hankali. Nan matsalar take.

Saboda haka ku saurara, iyaye da matasa. Kada ƙarar waya ta wuce kashi 60 cikin ɗari. In wayar ta nuna gargaɗi cewa an kai iyaka, ba don ado aka sa shi ba, a daina danna shi ana wucewa. In kana zaune kusa da ɗanka kana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinsa, ya yi yawa. In ka kira shi daga nisan hannu bai ji ba, ya yi yawa. A riƙa cire abin ana hutar da kunne bayan kowace awa, kuma a daina kwana da shi, domin mai barci ba ya sanin awa nawa kunnensa ya sha duka. Mafi muni shi ne mai sa iyafis a cikin a-daidaita-sahu ko kusa da janareto, yana ƙara murya don ya danne hayaniyar waje; ƙara biyu ya haɗa wa kansa. Wanda ke da hali ya sayi irin mai rufe kunne gaba ɗaya, ya fi ƙananan nan na tsinke da ake sayarwa a bakin titi, don da shi ba sai an ƙure ba.

A wurin biki kuma, ku janye yara daga gindin lasifika. Ina ganin uwa ta goya jariri ta tsaya daidai bakin akwatin DJ tana liƙi, abin ya ba ni haushi. Mai injin markaɗe, mai walda da mai aikin katako su ma su nemi abin toshe kunne na roba.

Alamar farko ita ce kunne ya riƙa ƙugi ko shuuu bayan an kashe kiɗa, ko mutum ya ji kamar an cusa masa auduga. Daga nan sai yawan cewa "me ka ce?", musamman a cikin taro. In ƙugin ya kwana ya wuni bai tafi ba, ko ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a tafi asibiti a ranar, kada a jira. Kada a ɗiga man ja ko ruwan albasa, kada a soka tsinken ashana ko gashin kaza. A nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Manyan asibitocin koyarwa na da sashen, kuma a Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, inda ake gwajin ji.