Idan Tarakta Ta Rasa Ƙarfi: Abin da Za a Duba Kafin a Taɓa Turbo

Manoman alkama na fadamun Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa da Kirikasamma sun san lokacin shuka gajere ne: daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya makara, zafin bazara zai tarar da alkamarsa ba ta cika ido ba. Don haka tarakta mai kasala a wannan lokaci hasara ce ga kowa, ko ta ƙungiyarku ce ko ta haya. Za ta sha mai da yawa, haro ba zai yi zurfi ba, aikin yini ɗaya ya zama na kwana biyu.

Taraktoci da motocin ɗaukar kaya da yawa na yanzu suna da turbo. Da zarar ƙarfi ya ragu sai a ce turbo ya mutu, a kashe kuɗi masu yawa a sayo sabo. Sau da yawa kuwa laifin ba nasa ba ne.

Mene ne turbo?

Wasu ƙananan fankoki ne guda biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyu kuma tana cusa iska cikin inji, kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙeri. Yakan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Baƙin man inji shi ke sa masa santsi. Inji mai amfani da man gas, wato dizal, abu biyu yake bukata: iska mai tsabta da mai mai tsabta. In ɗaya ya gaza, ƙarfi ya tafi.

Fara da duban hayaƙi

Sa direba ya ja haro, kai kuma ka tsaya gefe ka dubi salansa.

Baƙin hayaƙi: iska ba ta isa, ko nozul ba sa fesa mai daidai.
Babu hayaƙi sosai amma inji yana sarewa: mai ba ya isa.
Shuɗin hayaƙi: inji yana ƙona baƙin mai.
Farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi: mai ba ya ƙonewa sosai, ko ruwa yana shiga.

In kuwa inji yana ƙara da ƙarfinsa amma tarakta ba ta ja, to kuloci ne yake sulɓewa. Ba ruwan turbo.

Matakan dubawa, daga mai araha zuwa mai tsada

1. Filtar iska. A kashe inji, a cire ta. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin shinkafa da audugar kacala suna toshe ta da sauri a yankinmu. Filtar takarda ba a wanke ta da ruwa, ba a buga ta da dutse. A hure ta a hankali daga ciki zuwa waje. In ta yage ko ta tsufa, a canza. Kada a yi aiki ba filta, ko na awa ɗaya ne. Ƙura za ta cinye fankar turbo da cikin inji.

2. Tiyo da maɗaurai. A bi tiyon da ya tashi daga turbo zuwa inji da hannu. A nemi tsaga, ko maɗaurin da ya saki, ko damshin mai a bakin mahaɗi. In ana jin fito kamar taya tana sacewa idan an ba da wuta, iska ce ke gudu. Wannan kaɗai yana kawo baƙin hayaƙi da kasala.

3. Man gas. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. A kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin filtar mai, a tsiyaye ruwa da datti. In filtar ta daɗe, a canza, sannan a fitar da iskar da ta shiga layin mai. A duba ƙaramar kafar murfin tanki ma, don in ta toshe mai ba ya sauka sosai.

4. Lagireto. In ciyawa da ƙaiƙayi sun rufe fuskarsa, inji zai yi zafi. A share. Kada a buɗe murfinsa yana da zafi.

5. Turbo. Sai an gama waɗancan. A kashe inji, a bari ya huce sarai. Makanike ya cire tiyon shigar iska, ya juya fankar da yatsa. Ya kamata ta juya ba cijewa. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne. Amma in tana gogar bango, ko fikafikanta sun karye, ko mai ya cika tiyo, to turbo ne. A tsayar da aiki nan take, domin man da ke zuba cikin inji yana iya sa shi gudu har a kasa kashe shi.

Famfon mai da nozul aikin ƙwararre ne. Kada a bari a kwance su a bakin gona cikin ƙura.

Rigakafi ya fi magani

Bayan an ta da inji, a bar shi a silo minti 2 zuwa 3 kafin a fara aiki. Haka kuma kafin a kashe shi, don turbo ya huce.
A juye baƙin mai bisa awoyin da littafin tarakta ya faɗa.
Man duro a bar shi ya kwana ya kwanta kafin a ɗiba, kuma kada a ɗebo na can ƙasa. Jarkar ruwa daban, ta mai daban.
Lokacin hazo da casa, a duba filtar iska kowace safiya.
Ƙungiya ta sayi filtar iska da ta mai ta ajiye tun watan Oktoba.

Ka tuna: in an sa sabon turbo ba a gano abin da ya kashe tsohon ba, sabon ma zai bi shi.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.